Gishirin Kan Batir

Ruwan kanwa na sauka a kan batirin motar ya hau tsuwwa, kumfa ta taso tana gangarowa. Baba Direba bai ga kumfar ba, jin ta ya yi. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe shi.

"Gishirin ya fita?" ya tambaya.

"Na hagun ya fita," in ji matarsa Inna daga bakin ƙofa, inda take zaune ta ɗora ƙafarta a kan kujera 'yar tsugunno. "Na daman da saura, Malam. Shuɗi-shuɗi kamar burodin da ya kwana biyar."

"To, 'yar tsohuwa, ke dai ba a burge ki."

Ya laluba ya ɗauki tsohon buroshin haƙori ya ci gaba da gurza. Tun da sassafe ya kwance wayoyin da sifana mai lamba goma, baƙar tukuna sannan jar, yadda ya saba shekara talatin da ya yi yana jan motar haya. Mota in ta daɗe a ajiye, gishirin nan ne ke cinye kan batir, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai. Yau kuwa ba ranar ƙas-ƙas ba ce. Talata ce, ranar da likitan masu ciwon suga ke zama, kuma sha biyu na yi yake tashi. Wata biyu da suka wuce ya duba gyambon ƙafar Inna, ya ce a dawo da ita bayan mako biyu, in aka yi wasa sai an yanke.

Babban ɗansu, wanda gidan ke kira Injiniya, ya ce lallai yau zai zo ya ja su. Haka ya ce Talatar da ta wuce, haka ya ce ta gabanta.

* * *

Wajen ƙarfe tara Tela maƙwabcinsu ya leƙo da sallama, makullin shago a hannu.

"Baba, in asibitin ne, wallahi kawo in ja ku. Sayen yadi zan tafi kasuwa, ba abin da zai gudu."

"Allah ya yi albarka, ɗana. Injiniya na hanya, yanzu muka gama waya."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Inna ta ji. Ta sunkuyar da kai. Sai da takun Tela ya ɓace ta ce, "Malam, da ka bar shi."

"In bar shi a ce me? Mai 'ya'ya uku maza, duk da motocinsu, maƙwabci ne zai ɗauki uwarsu? Gobe a majalisa da wane ido za a dube su?"

Abin takaicin ke nan. 'Ya'yan da motar nan ta biya wa makaranta sun bar iyayensu a tsakar gida, amma tsohon nan har yanzu su yake rufa wa asiri. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai jiya ma sun zo. Na biyun ya koma wani gari, sai gaisuwa a waya. Auta kuwa rabonsa da gidan tun bara.

Baba ya ɗauraye kawunan batirin, ya share da tsumma, ya bi su da 'yar takarda mai kaushi har ya ji santsin darmar a yatsansa. Ruwan ya shiga wata tsaga a hannunsa yana cin sa, bai kula ba. Ya mayar da jar waya, ya mayar da baƙa, ya ɗaure tam, ya shafe su da giris. Sannan ya bi jikin motar da hannu har kujerar direba, ya yi bisimilla ya murɗa.

Bugu ɗaya ta tashi.

"Kin ji ko?" Har da dariyarsa. "Tsohuwa ce amma ba ta ba ni kunya."

"Ni ko motar?"

"Ku duka."

Ya zo ya ciccibi Inna da kyar, tana gaya masa inda zai taka, ya zaunar da ita a kujerar baya da katin asibitin a hannunta, don kada a ɓata lokaci in yaron ya iso.

* * *

Sha ɗaya saura wayar salularsa ta yi ƙara, Injiniya ne. Inna ce ta danna masa, ta kara masa a kunne.

"Baba, ku yi haƙuri, wani taro ne ya taso a ofis. Talata mai zuwa in sha Allahu. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi," in ji Baba. Bakinsa ne ya faɗa, don ya saba.

"Motar dai tana tashi ko?"

"Tana tashi."

Da kiran ya katse ya daɗe riƙe da sitiyari. Ya ji ya tsani kansa fiye da yadda ya ji haushin yaron. Sai ya fita, yana bin katanga da tafin hannu har shagon Tela. Ya yi sallama sau uku. Hannunsa ya sauka a kan kwaɗo.

Ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu ga duk ƙarar da ta wuce. Masu babur biyu suka tsaya, amma wa zai ɗora ƙafar nan a babur? Mai motar haya ɗaya ya ce ba ya shiga lungu. Yana nan tsaye har rana ta dawo tsakiyar kansa.

Ya tarar da injin na ta aiki. Ya shiga ya rufe ƙofa, sai warin gyambon ya buge shi. A tsakar gida iska ke kwashe shi, a cikin mota kuwa ba inda za shi. Ya ji motsin zane a baya, tana ja tana rufe ƙafar.

"Kashe ta, Malam, kar man ya ƙare," ta ce a hankali. "Ka cire baƙar wayar ma, kada batirin ya sauka kafin Talata."

Ya kashe. Ya fito ya ɗaga murfin injin, ya sa sifanar a kan kusoshin da ya ɗaure ɗazu. Ta zame.

"Dama kaɗan," in ji ta daga taga. "Yauwa, nan."