Baƙi a Fadamar Cloonbeg

Shekara talatin da huɗu Malachy Devery ya yi yana tuƙa injin haƙa lambatu a fadamar Cloonbeg, can tsakiyar Ireland. Aikinsa shi ne ya tsotse ruwan fadamar ta bushe, kamfani ya kankare baƙar ƙasarta a kai tashar lantarki a ƙona. Ya kuwa yi aikin da gaske, har ta kai mutum zai yi tafiyar awa guda a ciki bai ga ko kwaɗo ba. Sai bayan ya yi ritaya aka zo da sabuwar magana, wai a toshe lambatun nan duka, a mayar wa fadama ruwanta. Abin da ya fi ci masa rai, cikin masu toshewar har da Sorcha, 'yar ƙanwarsa, yarinyar da shi ya koya wa hawan keke.

"Shekara shida kina jami'a, ashe yadda ake rusa aikin kawunki kika je koyowa," ya ce mata ranar cin abincin Kirsimeti. Tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

A bakin fadamar akwai wani ɗan tsirin fili na gado, inda gidan Devery ke yankan tubalin wuta tun zamanin kakansa. Duk watan Mayu yakan yanka baƙar ƙasar, ya shanya, ya jera, ya samu abin hura murhu har sanyi ya wuce. A bana da ya je dubawa sai ya tarar ruwa ya fara lasar ƙasan tsirin. Ya san daga inda ya taso: wani madatsi ne su Sorcha suka yi a lambatu na tara.

Ran Litinin da sassafe ya sa takalmin roba, ya saɓa shebur.

"Ina zuwa da shebur ba ka ko sha shayi ba?" in ji matarsa Dympna.

"Zan je in gaida lambatu na tara."

"To ka gaishe shi da baki. In ka gaishe shi da shebur, ba ni zan kai maka abinci gidan yari ba."

Yana tsaye a kan madatsin, ya ɗaga shebur ke nan, sai ya ji wani kuka daga cikin hazo. Kamar an busa ƙaho biyu a tare, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri, har sai da ruwan ya amsa. Malachy ya yi kasaƙe. Babu kukan da bai sani ba a fadamar nan. Ya san na dinya, ya san na agwagwar ruwa, ya san na dila in tana neman miji, ya san ƙarar kowane inji har da wanda ya kusa lalacewa. Wannan bai taɓa jin sa ba. Ya jira a sake, ba a sake ba.

Ya sauke shebur ɗin ya bi gefen ruwa a hankali. Can a kan laka ya ga sawu: yatsu uku, sun fi tafin hannunsa tsawo, kuma tsakanin wannan sawu da wancan ya kai takun mutum. Kusa da su ga wani gashin tsuntsu ruwan toka, dogo, ya lanƙwashe kamar lauje. Ya sa shi a aljihu ya koma gida, madatsi na nan yadda yake.

"Zalɓe ne," in ji Dympna, tana yanka burodi.

"Zalɓe yana da yatsan baya, yana fita a laka. Wannan babu."

"To jimina ce ta zo hutu."

"Ke dai komai wasa."

"Ga 'yarka can da ta karanci tsuntsaye. Waya ɗaya za ka buga."

"In tambayi Sorcha abin da ke cikin fadamar da na shekara talatin da huɗu a ciki? Allah ya kiyaye."

Amma abin ya tsaya masa a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Ya tono madubin hangen nesan da yake zuwa kallon sukuwar dawaki da shi, ya goge. Talata ya koma, ya ji kukan sau biyu, bai ga kowa ba. Laraba aka yini ruwa. Kullum da shebur yake fita, don kada Dympna ta ce ya sauya ra'ayi, kullum kuma yakan dawo da shi tsaf ba laka.

Ran Alhamis ya ce yau sai ya ga ƙwal uwar daka. Ya zagaya ta tsohon layin dogon kamfani, ya nufi wajen da kukan ke fitowa. A da ko ido rufe zai bi wurin nan. Yanzu ƙasar ta sauya masa. Inda ya bari baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, gansakuka ta shimfiɗu, kore da ja da ruwan ɗorawa, ga wata ciyawa mai farin kai kamar auduga tana rausaya. Ya taka wani wuri da ya yi masa kama da tudu, sai ji ya yi zuruf, ƙafarsa ta dama ta nutse har cinya.

Duk ɗan Cloonbeg ya san in fadama ta kama ka, ba a kokawa da ita. Ya shimfiɗa shebur a gabansa, ya kwanta rub da ciki a kai, yana maida numfashi, sanyi na ratsa shi. Yana kwance, hancinsa dab da gansakuka, sai ya lura da wani ɗan tsiro ja wanda bai fi maɓallin riga ba. Ganyensa duk gashi ne, kowane gashi da ɗigon ruwa a kansa kamar raɓa. Wani ɗan ƙwaro ya sauka ya maƙale. Malachy ya zuba ido. A hankali, a hankali, gashin suka fara lanƙwasowa kan ƙwaron.

"Ikon Allah," ya ce. "Ciyawa na cin nama."

Ya tuna mahaifinsa ya taɓa nuna masa irinsa yana ƙarami, kafin injuna su zo. Ya yi ta kallo har ya manta da ƙafarsa. Wataƙila wannan shirun da ya yi ne ya jawo, don da ya ɗaga kai sai ya ga wani abu ya miƙe daga cikin ciyayin ruwa, bai fi taku sittin ba.

Tsuntsu ne, amma tsayinsa zai kai ƙirjin mutum. Jikinsa ruwan toka, wuyansa baƙi da farin zane, tsakar kansa ja kamar an ɗiga masa jini, gashin bayansa kuwa ya yi tuntu. Ya miƙe ƙafa, ya sunkuya ya juya wani abu da baki. Malachy ya lallaɓa ya ɗaga madubin. Tulin ciyawa ne a tsakiyar ruwa, a kansa ƙwai biyu. Sai ga na biyun ya taho yana taku ɗai-ɗai kamar alƙali. Suka ɗaga bakunansu sama tare, suka saki kukan nan.

Ya daɗe kafin ya zaro ƙafarsa. Takalmin dai fadama ta riƙe abinta. Ya ja ciki ya koma baya, ya iso gida tsamo-tsamo, ƙafa ɗaya da safa.

Dympna ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da lambatu na tara wa ya yi nasara?"

"Miƙo min waya."

Kafin azahar Sorcha ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Sannu, Kawu. Gwaggo Dympna ta ce ka faɗa fadama."

"Ban faɗa ba, dubawa na yi. Ungo, mene ne wannan?"

Ya miƙa mata gashin. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"A ina ka samu?"

"Tambayarki na yi."

"Kawu, don Allah, a ina?"

Ya kai ta. Suka kwanta a bayan tudun layin dogo suna karɓa-karɓar madubi. Ta yi kusan minti goma tana kallo, sai ya ga tana share ido da hannun riga.

"Gauraka ce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Irin ta ƙasashen sanyi. Ko kakan kakanka bai ga ta yi sheƙa a Cloonbeg ba."

"To me ya kawo ta yanzu?"

"Ruwa. Ba ta yin ƙwai sai inda ruwa ya kewaye ta, yadda dila ba za ta iso ba."

"Me take ci? Kwana nawa take kwanci? Namijin ne ya tashi ɗazu ko macen?"

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta jero wasu, har ta yi dariya ta ce ko a jarrabawa ba a yi mata haka ba. Daga nan ta gyara fuska. Ta ce kada kowa ya ji. In labari ya fita, masu ɗaukar hoto za su cika wurin, tsuntsayen su tashi su bar ƙwan.

Malachy ya kau da kai daga tsuntsayen. Yana kallon ruwan ne, yana auna shi da ido.

"Waye ya zana muku wuraren toshewa?" ya tambaya.

"Injiniyoyi. Da taswirar kamfani."

"Taswira! Shekarar da aka haife ki muka binne bututu a ƙarƙashin layin nan, can wajen bishiyar da ta karkace. Ba wanda ya rubuta shi. Yanzu ruwa ya yi yawa, ba ya nunawa. Bari a yi sati uku ba ruwan sama, ta nan zai sulale, ki wayi gari dila ta taka busasshiyar ƙasa har bakin ƙwan."

Sorcha ta tashi zaune. Ta dubi bishiyar, ta dubi gangaren da ya nufi bakin fadama.

"Amma Kawu, in aka toshe shi, ruwan ai tsirinka zai koma."

"Na iya karatun ruwa tun ba ki iya tafiya ba. Ba sai kin gaya min ba."

Ba su kawo inji ba, don ƙara za ta kori tsuntsayen. Washegari su biyu suka tono bakin bututun da shebur, suka danna masa katako, suka cusa baƙar laka suna tattakawa. Yana aikin yana mita: cewa ba ta iya riƙe shebur ba, cewa gwamnati ba ta san komai ba, cewa da kuɗin jami'arta tarakta aka saya da an more. Ita dai sai "To, Kawu." Cikin kwana goma rabin tsirin gidan Devery ya zama tafki.

Saura abin da zai gaya wa mutane. A Cloonbeg in mutum bai yanka tubalinsa a watan Mayu ba, to ko ya mutu ko yana hanya. Ran Lahadi a bakin coci maƙwabcinsa Fintan Molloy ya tare shi.

"Malachy, lafiya? Ban ga ko tubali ɗaya a shanye a wajenka ba."

"Bayana ne," in ji Malachy, abin da ya fara zuwa bakinsa ke nan. "Ya riƙe."

Shi ke nan ya ɗaura wa kansa. Duk bazarar nan in zai shiga gari sai ya ranƙwafa, ya dafa ƙugu. Matar mai shago ta aiko da man zafi. Fada, limamin cocinsu, ya sa shi a addu'a. Dympna kuwa in sun fito coci takan riƙe masa hannu tana cewa, "Sannu, tsohona, taka a hankali," da ƙarfi yadda kowa zai ji, shi kuma yana hararar ta ta gefen ido. Da ya wuce gidan ƙarshe sai ya miƙe, ya ɗaga ƙafa zuwa layin dogo da madubinsa.

Ƙwai ɗaya ne ya ƙyanƙyashe. Ɗan ya fito ja-ja kamar ɗan tsako, yana bin iyayensa cikin ciyawa. Ɗayan ƙwan ya zauna har hankaki ya fasa shi. A watan Yuli ɗan ya ɓace kwana tara. Malachy ya daina cin abincin kirki, ya zagi duk dilar da ke ƙasar. A rana ta goma ya hango shi can ƙuryar fadama, ya yi tsawo, duk ƙafa, yana tsintar wani abu a laka. Ya buga wa Sorcha waya tana tsakiyar taro, ta fito ta amsa.

A ƙarshen Agusta, wata Asabar da rana, tarakta ta tsaya a ƙofar gidan Devery, ta jawo tirela maƙare da busasshen tubalin wuta. Malachy ya ranƙwafa da sauri ya fito. Fintan Molloy ne ke sauke kaya.

"Mu biyar muka haɗa," in ji Fintan. "Kowa ya ɗiba daga nasa. Ba ma bari ku kwana da sanyi."

Kunya ta kama Malachy, ya rasa inda zai sa ido. "Fintan, ai ba sai kun..."

"Miƙe, malam, kada bayan ya riƙe da gaske. Tun watan Yuni nake ganinka kana tsallake lambatu kamar ɗan akuya."

Malachy ya miƙe a hankali.

"Kana tsammanin kai kaɗai ke da kunne a garin nan?" in ji Fintan. "Kukan da ke tada shanuna kowace safiya? Har Fada ya sani. Mun ga kana ɓoyewa, muka ce akwai dalili, kowa ya ja bakinsa." Ya jefa wani tubali kan tulin, ya kakkaɓe hannu, ya rage murya. "Yanzu gaya min tsakani da Allah, ɗan ya fara tashi?"

"Shekaranjiya," in ji Malachy. "Bai yi nisa ba. Ya sauka da ka."

"To gobe bayan coci ka kai ni. Ba zan yi tari ba."

Dympna ta leƙo ta taga ta ce shayi ya yi, in marar lafiya zai iya takowa.