Sallama a Bakin Kogo

Tun da suka bar kwalta suka faɗa jar hanyar dajin Kimbali, Nola ba ta bar Goggo Dalsi ta runtsa ba. Da tsohuwa ta fara gyangyaɗi sai ta taɓo ta.

"Goggo, tuna min kiran nan."

"Wane kira? Ke dai akwai naci kamar ƙuda. Zuba min shayi."

A kogon kakanninsu akwai wani zane mai farar fuska da manyan idanu, ya fara ɓarewa. Mahaifin Nola ya rasu yana roƙonta ta je ta sabunta shi. Amma kogo ba kanti ba ne da za ka faɗa kai tsaye. Sai ka tsaya daga nesa ka yi wa kakanni sallama da harshensu, ka faɗi ɗan wane ne kai. Duk dangi Goggo kaɗai ta rage mai harshen, ita kuwa tsufa ya fara yi mata sata. Nola 'yar birni ce, shekara da shekaru tana cewa in ta samu hutu za ta zo ta koya. To, ga hutun ya samu.

Da rana tsaka suka ajiye mota a gindin wata kuka. Nola ta tallafo tsohuwar har inda ake hango gefen farar fuskar cikin inuwa.

"Ga su can, Goggo. Yi musu magana."

Goggo ta buɗe baki. Kalma biyu suka fito, ta uku ta maƙale. Ta sake farawa, ta tsaya a wuri guda. Sai ta shiga duba aljihun rigarta.

"Ina na ajiye tabata?"

Nola ta durƙusa a kan dutse mai zafi, ta riƙe mata ƙafa. Ta lallashe ta, ta yi mata tsawa, ta ba ta haƙuri. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san ba za ta sake kawo tsohuwar nan da rai ba.

Da ta rasa yadda za ta yi, ta miƙe ta fuskanci kogon, ta ɗaga murya da Turanci, harshen da take da shi ke nan. Ta faɗi sunanta, ta faɗi abin da ya kawo ta, tana kuka.

Goggo ta ja mata gefen riga a hankali.

"Daina wahalar da kanki, 'yar nan. Ba sa jin Turanci."