Jaridun da Na Yanke wa Kai

Shekara ashirin da huɗu ina sayar da jarida a teburi ɗaya, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da tashar mota. A sana'armu, jaridar da ta kwana ba a saya ba, ba a mayar da ita gaba ɗaya. Reza ake sawa a yanke kan shafin farko, wurin da suna da kwanan wata suke, a ɗaure kawunan da roba a miƙa wa dila, shaidar ba a sayar ba. Gangar jikin kuwa taka ce, ka ba masu ƙunshe kaya. Hannuna ya saba da yankan nan har ina yi ina gardama da mutane, ban duba ba.

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a, aikin jarida take karantawa. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ni daga aji huɗu na fita, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ranar da ma'aikatan asibiti suka shiga yajin aiki ta biyo ta teburina kafin ta koma makaranta.

"Baba, binciken kammala karatuna a kan yajin aikin nan zan yi. Yadda jaridu uku ke ba da labarinsa. Shafin farko kawai nake so ka riƙa ajiye min, kullum, har a gama."

"Me za ki bincika? Su ukun duk ƙarya suke yi."

"Ita ƙaryar zan auna. Wace kalma kowa ya zaɓa, kuma don wa ya zaɓe ta."

"To a ba ni digirin mana, ni na daɗe da sani."

Ta yi dariya ta hau mota. Ban tambaye ta komai ba, don a ganina babu abin da za a koya min a kan takarda.

Yajin aikin ya kai kusan wata uku. Kowace safiya, cikin kwantan jiya, nakan zaro ɗaya daga kowace jarida, in yanke kai in sa a roba, in yage shafin farko in cusa a buhu. Buhun yana bayan ƙofar ɗakina. Ban tsallake rana ko ɗaya ba, har ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sai da na tashi na yi. Da wannan nake taƙama.

Ta zo wata Asabar da hantsi. Saura mako uku ta miƙa aikin, wanda bai miƙa ba kuwa ba zai fita da 'yan ajinsa ba, sai baɗi. Na jawo buhun na zazzage mata a tabarma. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata, ta tona ƙasan tulin.

"Baba, ina kawunan?"

"Suna wajen dila mana. Ina za su kasance?"

Ta juya bayan takardar. Shafi na biyu ma yana da kwanan wata a sama, amma yanka ɗaya ya tafi da su duka.

"Babu suna, babu rana," ta ce. Ba da ni take ba.

"Shafin farko kika ce. Ga shafin farko nan. Kin ce da kai?"

"Ban ce ba, Baba."

Mamarta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kai dai in an ba ka reza, ko takardar haihuwarka ce sai ka datse mata kai."

"Ke koma ki duba tukunyarki."

Da Uwata ta ɗaga min murya da na ji sauƙi, don ina da amsa. Ba ta ɗaga ba. Ta zauna tana jera takardun, tana miƙe lanƙwasar kowace da tafin hannu.

Ran Litinin na je wajen dila. Ya ce kawuna duk Juma'a ake kwashe su zuwa kamfanoni, can kuma ƙone su suke yi. Uwata ta duba ɗakin karatu na jami'a, aka ce sun daina sayen jarida shekara biyu da suka wuce. Na ce ai komai yana waya yanzu. Ta ce labaran suna nan, amma tsarin shafin farko ba ya nan, kanun labaran ma canza su ake yi, ita kuma girman rubutu da wurin da aka sa hoto take aunawa. Ta buga wa kamfanonin waya. Ɗaya ya ce a rubuto takarda. Ɗaya ya ce mai makullin sito yana hutu. Na ukun ba a ɗauka ba.

Na ce ta kawo buhun teburina.

Mu a rumfa da launin kai muke kiran jaridun nan: Ja, Shuɗiya, Baƙa. Launin ya tafi, amma bakinsu bai tafi ba. Na fara warewa.

"Wannan Ja ce. Mai ita abokin masu mulki ne. Ba ta taɓa cewa yajin aiki, sai dai ta ce ma'aikata sun ƙaurace wa marasa lafiya. Wannan Shuɗiya ce, ita kullum gwamnati ta yi kunnen ƙashi. Wannan mai hoton tsohuwa tana kuka a ƙofar asibiti, ga ɗan ƙwallo a gefenta, Baƙa ce. Ita babu ruwanta da wa ke da gaskiya, hawaye take nema."

"Su wa ke sayen Ja?" ta tambaya, ta fito da biro.

"Direbobin manya. Ba sa ko saukowa, gilashi suke saukewa. Shuɗiya malamai da 'yan fansho, su ma rabinsu a tsaye suke karantawa su ajiye min. Baƙa ta masu aski ce da makanikai."

Akwai mutum biyu da ba sa rabuwa da rumfata, kuma ban tuna ranar da ɗayansu ya sayi jarida ba. Ɗaya muna ce masa Lauya saboda surutu, bai taɓa shiga kotu ba. Ɗayan Tsohon Soja. Da suka ji abin da ya faru suka ce su za su fito da ranakun.

"Wannan ranar Talata ce," in ji Lauya. "Ranar da aka kori shugaban ƙungiya. Ina tsaye a nan."

"Kullum ai kana tsaye a nan," in ji Tsohon Soja. "Laraba ce. Ranar na je karɓar fansho aka ce in dawo."

"Kai wace rana ce ba a ce ka dawo ba?"

"'Yata, kada ki rubuta maganar wannan. Mutumin da bai san shekarunsa ba," in ji Tsohon Soja.

Kwana huɗu muna yi. Ware jaridun uku bai ba ni wahala ba, kafin azahar ɗin ranar farko na gama. Ranakun ne suka gagara. Na farkon yajin da na ƙarshe sun jeru, don labarin yana tafiya. Na tsakiya kuwa duk iri ɗaya ne: an zauna, an tashi ba a daidaita ba, za a sake zama. Wajen mako biyar haka. Lauya ya jera, Tsohon Soja ya wargaza. Uwata ta riƙa rubuta rana da fensir tana gogewa har takarda ta huje.

Na ce zan bi ta wajen malamin da ke duba aikinta. Ta ce ba a zuwa da iyaye. Na ce ni na ɓata, ni zan yi bayani. Na bar wa Lauya teburi, na sa rigata mai kyau, na ɗauki buhun a kafaɗa.

Dakta suke ce masa. Ofishinsa ƙarami ne, fanka tana kaɗa takardu, ya danne su da kofin shayi. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sai ya zaro shafi ɗaya daga tsakiya.

"Wannan wacce ce, Baba?"

"Shuɗiya. Dubi yadda ta sa sunan ma'aikata a gaba, na gwamnati a baya."

Ya zaro wata, na faɗa. Ya zaro ta uku, na faɗa. Ya gyaɗa kai.

"Na yarda da kai. Abin da ka faɗa yanzu shi nake koya musu wata huɗu. Amma ba ni kaɗai zan duba ba. Masu jarrabawa daga waje za su zo, su ɗaga shafi su ce, wace jarida, wace rana, ina shaida? Me za ta ce?"

"Ta ce ubanta ya faɗa. Shekara ashirin da huɗu."

"Ba za su karɓa ba."

"To in zo ranar in tsaya. Su zaro duk wadda suka ga dama."

"Ba a shiga da kowa."

"In rantse musu?"

"Baba, ba a sa rantsuwa a bincike."

Na ce a rage mata maki, a ba ta na ƙasa, ta dai fita. Ya ce ba maganar maki ba ce, aikin gaba ɗaya a kan ranaku ya tsaya, yadda bakin kowace jarida ya canza daga mako zuwa mako. Na ce ta ɗauki wani batun. Ya ce sabon batu sai kwamiti ya amince, kwamitin kuma ya rufe zama na bana. Duk ƙofar da na taɓa, a hankali yake gaya min a kulle take, kuma ba shi ke riƙe da makullin ba.

A ƙarshe Uwata ta ce, "Na gode, Dakta. Ina ake karɓar fom ɗin ƙarin shekara?"

Ya kwatanta mata ofis a ƙarshen baranda.

Na zauna a benci a waje, buhun tsakanin ƙafafuna. 'Yan ajinta suna wucewa da nasu aikin an ɗinke da baƙin bango, wasu suna gaishe ni, wata har ta rusuna ta ce, "Baba mai jarida, ina wuni." Na amsa. Wani ya tambaye ni ko takardun na sayarwa ne.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito idonta ya yi ja, amma muryarta daidai take. Ta miƙo min fom da biro, ta sa yatsa a layin ƙasa.

"Nan uba ke sa hannu, Baba."

Na ɗora takardar a gwiwata na sa.