Kuɗin Makarantar Bamako

Da Mutari ya gama lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, kawunsa ya kira shi karatu Kano, amma sai an sayar da bijimin gidansu. A Bamako kuwa, inda ake koyon ginin hanya da gada, Nasara ke ciyarwa, shi ke tufatarwa.

Ya koma Bande ya shaida wa ubansa ya zaɓi Bamako, tunda kyauta ce.

Uban nasa, tsoho Kalla, na sassaƙar ƙota. Ya ajiye gizago, ya cire hula, ya nuna tsakar kansa, inda gashi ya daina tsirowa tun da Nasara ya sa su jidar marmarar hanyar Magariya.

"Je ka, Allah ya kiyaye," in ji shi. "Amma kar ka ce kyauta. Na riga na biya."