Ranar da Ban Kai Ruwan Wanka Ba

"Kama ta hammata, Inna, ba ta wuyan hannu ba. So kike ki ɓalle mata kafaɗa?"

"Ke ce za ki koya mini ɗaga majinyaci? Tun kina cikin tsumman goyo nake wannan aikin."

Muna cikin wannan musu mota ta danna hon a ƙofar gida. Mama Sista ta buɗe ido ta dube mu, tana rataye a tsakaninmu, ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba.

"Ko ku zaunar da ni ku yi faɗan, ko ku mayar da ni gado ku yi faɗan," in ji ta. "Amma kada ku bar ni a sama."

Muka zaunar da ita a kujerar da ke bakin taga. Na cusa matashi ɗaya a bayanta, ɗaya a gefen hagu inda take zamewa, na rufe su da mayafi yadda ba za a gani ba. Inna ta gyara mata farin lulluɓinta, wanda ni na ɗinka shi kuma na goge shi da safen nan. Mun riga mun yi mata wanka, mun shafe ta da mai, mun canza zanin gado, mun fitar da bokiti. In ka shigo ɗakin a lokacin sai ka rantse tsohuwa ce kawai take shan iska.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan sistoci, gajeriya kuwa, ina shanya ina ganin tasu shanyar. Ni ɗinki nake yi, shi ya sa duk layin ke ce mini Mai Keke. Mama Sista ta zo daga ƙasarsu tana budurwa, shekara hamsin da wani abu ke nan, ta buɗe ɗakin haihuwa a bayan cocinsu. A hannunta aka haife ni, a hannunta na haifi nawa huɗu. Addininmu ba ɗaya ba ne, kuma bai taɓa zama abin magana ba. Tana jan carbinta ina jan nawa. Inna kuwa ungozoma ce da ta yi aiki a ƙarƙashinta har ƙarfinta ya ƙare. Da ciwo ya kwantar da Mama Sista, sauran sistoci biyu da ke gidan asibiti ya sha kansu tun daga asuba, sai ni da Inna muka karɓi aikin safe ba tare da kowa ya roƙe mu ba.

Dokarta muke bi. Duk wanda ya taɓa jinya a wurinta ya san ta: majinyaci ba ya karɓar baƙo a kwance cikin ƙazanta. A wanke shi, a shafa masa mai, a zaunar da shi, sannan a buɗe ƙofa. Na taɓa ganin ta tsayar da wani babban mutum a rana, da motarsa da komai, har sai da aka taje wa matarsa kai. "Ciwo ya ƙwace mata lafiya," ta ce masa, "ba zan bari ya haɗa da mutuncinta ba."

Wadda ta sauko daga mota ranar ita ce shugabarsu, daga babban gidansu na birni, tare da likita. Doguwar mace ce mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba. Ta durƙusa ta sumbaci hannun Mama Sista. Likita ya auna ƙirji, ya auna jini, ya tambaye mu ko tana cin abinci.

"Sosai," in ji Inna. "Jiya ma sai da ta nemi ƙarin shayi."

Cokali biyu ne ƙarin, amma na gyaɗa kai. Na ƙara da cewa tana zama a kujera kullum, tana hira, har tsokanarmu take yi. Mu a tunaninmu, in suka ga tana samun kulawa za su bar mana ita. Mama Sista kuwa ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta zauna ƙyam, har da yi wa likita ba'a a kan tumbinsa.

Da suka fito baranda Shugaba ta riƙe hannuna biyu ta yi mini godiya.

"Na zo da tsoron ba za ta iya tafiya ba," ta ce. "Yanzu hankalina ya kwanta. Likita ya ce in dai haka take, za ta iya shiga jirgi. Muna da gidan tsofaffinmu a ƙasarsu, akwai masu jinya dare da rana. Mako mai zuwa zan dawo in ɗauke ta."

Garin neman gira mun rasa ido.

Motar na fita na koma ɗaki. Mama Sista ta riga ta zame, kanta ya faɗa kan kafaɗa, gumi ya jiƙa lulluɓin. Da ƙyar muka mayar da ita gado.

"Mama, kin ji abin da suka ce?"

"Na ji. Kunnena ne kaɗai bai yi ritaya ba."

"To ki ce musu ba za ki ba mana."

Ta mayar da numfashi. "'Yata, alkawari uku na yi wa Allah ranar da na sa wannan lulluɓin. Ba aure, ba dukiya, sai biyayya. Mutane suna tsammanin na farkon ne mai wuya." Ta yi 'yar dariya da ta koma tari. "Inda aka ce in je, nan zan je. Haka na zo nan ma."

"Amma kina so?"

Ta juya ido wajen taga, inda ake jiyo hayaniyar mata masu jiran awo.

"Wa na sani a can? Duk wanda ya san sunana na yarinta yana ƙarƙashin ƙasa. Ko mafarki na yi, da yarenku nake yi. Na so a ce a bayan cocin nan za a sa ni, kusa da jariran da ban iya riƙewa ba." Sai ta ɗaga yatsa. "Wannan tsakanina da ke ne. Ba ƙorafi na kai miki ba."

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba. Kwanakin da suka biyo baya ko zare ban iya zurawa a allura ba. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, ta zo tana masifa, na ba ta haƙuri ban ma ji me take cewa ba. Maigidana ya ce in je in sami Shugaba in faɗa mata gaskiya. Na kira ta a waya, na ce jikin fa ba yadda ta gani ba ne. Ta saurare ni da ladabi, ta ce ta san rabuwa da wuya, ta ce Allah ya saka mini. Ba laifinta ba ne. Da idonta ta ga tsohuwa a zaune tana ba'a, ga kuma maƙwabciya da ba ta son a tafi da ita. Ko ni ce, idona zan gaskata.

Ana gobe za su zo na sami Inna a ƙofar gidanta tana tsince wa jikarta kai.

"Gobe kada ki zo da safe," na ce.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa zai yi mata wanka?"

"Ba kowa."

Hannunta ya tsaya a kan yarinyar. Ta gane, don Inna ba ta da saurin magana sai saurin ganewa. "Ke Mai Keke, ki ji tsoron Allah. Matar da ba ta taɓa bari an ga wani haka ba?"

"In mun wanke ta, mun sa ta a jirgi da hannunmu. Ke kin san ba za ta sauka da rai ba. In ma ta sauka, a hannun baƙi za ta cika."

"Ni dai ba da ni ba," in ji Inna. Amma washegari ba ta zo ba.

Da safe na leƙa ta katanga na ga sistocin biyu sun wuce asibiti da sauri, an kawo mai naƙuda. Na shiga gidan hannu rabbana, ba bokiti ba tawul, na zauna a kan benci a baranda, jikin ƙofarta. Ta ji takuna.

"Mai Keke? Ke ce?"

Na yi shiru.

"'Yata, ruwan bai yi zafi ba ne? Baƙi za su zo."

Na cusa bakin mayafina a baki. Ta sake kira, muryar tana ƙara yin ƙasa. Ta kira Inna. Daga baya na ji ƙarar gado, na san ƙoƙari take ta jawo zanin da kanta, na kuma san ba za ta iya ba. Na haihu sau huɗu, na binne uwata, amma ban taɓa jin abu mai ciwo irin zaman bencin nan ba. Sau biyu ina miƙewa in kama marfin ƙofa, in koma in zauna.

Da hantsi motar ta iso. Shugaba ta shigo da fara'arta, direba na biye da ita da keken guragu. Ta gan ni ta ce, "An shirya?"

"Shiga ki gani," na ce. "Direba ya tsaya a nan."

Na tura ƙofar. Warin ne ya fara tarar mu. Mama Sista tana kwance a karkace, rabin jikinta ya sauka daga katifa, zanin ya jiƙe har ƙasa. Ba lulluɓi a kanta, 'yan farin gashin sun manne da gumi. Rigar barci ta tattare, gyambon kwanciya da ke ƙugunta a fili, wanda kullum muke wankewa mu rufe. Numfashinta kamar ana jan tsohon zare a cikin ƙyalle. Ta ga Shugaba, sannan ta gan ni a bayanta. Ta kai hannu tana neman abin da za ta rufe kanta da shi, ba ta samu ba.

Shugaba ta ƙarasa ciki. Sannan ta cire tabarau ta sa a aljihu.

"Kullum haka take kwana?"

"Kullum haka muke samun ta. Abin da kika gani wancan makon aikin hannunmu ne, da matashi biyu. Kina fita ta faɗi."

Ta durƙusa a bakin gadon, a cikin jiƙar, ta ja bargo ta rufe ta. Suka yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu na coci, ban ji ba, ban kuma so in ji ba. Can ta ɗago ta ce da ni, "A gaya wa direba ya mayar da keken mota. Ki ɗora ruwa."

Ni da ita muka yi wankan. Ba ta iya ba, sai da na nuna mata yadda ake juya mutum da zani. Har muka gama Mama Sista ba ta dube ni ba. Da na zo shafa mata mai a hannu, ta janye hannun.

Shugaba ta fasa tafiyar, ta kuma aiko da mai jinya daga birni. Ni kuwa na ci gaba da zuwa kowace safiya da bokitina, ina gaishe ta tana juya fuska bango. Inna za ta tambaye ta ta amsa, ni in tambaya ta yi kamar iska ce ta wuce. Na ce a raina, komai za ta yi ta yi, ai a ɗakinta take yin sa. Amma in na koma gida kuka nake yi a kan keke.

Wata safiya Inna ta fita zubar da ruwa, ina ɗaure mata lulluɓi, sai na ji ta ce, "Kin karya mini doka."

"Na karya, Mama."

"Ina kiranki kina ji."

"Ina ji."

Ta rufe ido. Na zaci ta koma barci. "Na yi wa mata dubu wanka," ta ce a hankali, "ban san abin da nake tsare musu ba sai ranar nan. Kada ki ƙara yi wa kowa haka. Ko don alheri."

"Ba zan ƙara ba."

"To." Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, riƙon ba ƙarfi. "Kin ɗaure shi a karkace. Tela guda."

Bayan 'yan kwanaki ta cika, da rana tsaka, Fada, limamin cocinsu, yana karanta mata addu'a, ni da Inna muna tsaye a bakin ƙofa. A asibiti ba a daina aiki ba, don masu naƙuda ba sa jira. Aka sa ta a bayan coci, inda ta ce. Mutanen da suka zo ba su sami wurin tsayawa ba, har kan katangarmu aka hau, kuma rabinsu a hannunta suka faɗo duniya.

Washegari na fito shanya da hantsi. Ta kan katanga na ga sistoci sun fitar da katifarta sun jingina ta da bango ta sha rana. A tsakiyarta akwai ɗan lotsawa inda take kwanciya, bai fi gurbin yaro ba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga mini a ƙafa.