Daro Ɗaya, Ƙafa Huɗu

Tun da aka yi zaɓe Tela bai ƙara yi wa yayan matarsa magana ba. Jam'iyyar Yaya ce ta ci, ta Tela ta sha ƙasa, kuma Yaya bai iya murna a natse ba. Washegari ya zo har shago, ya tsaya kusa da keken ɗinki, ya tambaya ko Tela zai iya yanka masa tutar jam'iyyar da ta faɗi ta zama tsumman goge tebur. Daga ranar ko a coci ba sa haɗa benci. Idan Fasto ya ce a gaisa da juna, nan take Tela yake tuna cewa igiyar takalminsa ta kwance.

Matar Tela ta gaji. Ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce Fasto ya shirya wankin ƙafa ranar Lahadi bayan sujada, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa, musamman don waɗanda siyasa ta raba. In Tela bai shirya da Yaya ranar ba, gidan Yayan za ta koma ta zauna har zaɓe mai zuwa. Tela ya leƙa jakar ya ga har da bargon da suke rufa da shi. Ya san ba wasa.

Ya zauna ya yi zurfin tunani, ya gano cewa mai wankewa shi ne mai yafewa, wanda aka wanke wa kuwa shi ne mai laifi. Ke nan dole ya riga Yaya kama daro. Abin da bai sani ba shi ne, Yaya ma ya yi wannan lissafin.

Ranar Lahadi aka jera kujeru a gaban bagade, kowace da daron roba da tawul. Fasto bai gama addu'a ba Tela da Yaya suka kama daro ɗaya tare. Tela ya ce Yaya babba ne, ya zauna a yi masa hidima. Yaya ya ce ai babba shi ya kamata ya zama bawan kowa, haka aka rubuta. Wannan ya ja, wancan ya ja, kowa yana murmushin tawali'u yana cije baki, har ruwan ya tuntsure a kan takalmin Fasto.

Da suka ga daro ya tafi, sai kowannensu ya zube gwiwa biyu don ya riga ɗan'uwansa kama ƙafa. A nan shekaru suka yi nasu aikin. Bayan Tela ya riƙe, gwiwar Yaya ta ƙi miƙewa. Suka kasance durƙushe goshi da goshi, jama'a na ta cewa amin, suna zaton addu'a ce.

"Kama ni mu tashi," in ji Yaya ƙasa-ƙasa.

"Ni wa zai kama ni?"

Da ƙyar suka dafa juna, Yaya ya faɗa kan kujera yana haki. Tela ya ga dama ta samu, ya cafke ƙafarsa ya zare takalmi. Sai ya tsaya. An tsaga gefen takalmin da reza don ƙafar ta shiga, ita kuwa ta kumbura tana sheƙi. Yaya ya kau da kai, ya ce maganinsa ne ya yi tsada tun da sabuwar gwamnati ta hau, ya daina sha.

"Faɗi abin da ke bakinka, mijin ƙanwata. Na san yana nan."

Yana nan kuwa. Tun da aka haifi Tela bai taɓa samun magana mai daɗi irin wannan ba. Ya ji ta hau har kan harshensa. Ya dubi ƙafar, ya haɗiye maganar, ya roƙi Fasto a kawo ruwa mai ɗumi. Ya wanke a hankali, ya ce gobe zai raka shi asibiti, ya kuma ɗinka masa silifa mai taushi.

Da suka koma gida matarsa ta zare bargon ta shimfiɗa. Jakar kuwa ta tura ƙarƙashin gado da kayanta a ciki, ta ce akwai zaɓen ƙananan hukumomi.