Usur ɗin Kyaftin Orval

Komai na jirgin ruwan nan namu ƙarya ne. Bututun hayaƙin kwalliya ce, ƙaton wilin da ke juyi a baya ko kwalekwale ba zai tura ba, injin dizal ne ɓoye a ƙasa yake aikin. Abu ɗaya ne na gaske: usur ɗin tagulla da ke saman ɗakin tuƙi. Daga tsohon jirgin babana, Kyaftin Orval, aka ciro shi.

Tun da ciwo ya kwantar da Baba a gidanmu na kan tudu a bakin kogin Misisipi na Amurka, kullum da yamma in mun zo kwanar gidan sai matuƙi ya busa masa gaisuwa, kamar yadda ake yi wa duk tsohon ɗan kogi. Mama ta ce sai ya ji busar nan yake yarda ya sha magani. Ni kuwa ina ƙasan jirgin ina raba wa baƙi soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Mista Kendrick, mutumin da ko igiyar jirgi bai taɓa ɗaurewa ba. Wai wata mata ta firgita ta ɓarar da giya a rigarta, shi ke nan ya hana busa lokacin cin abinci.

"Yallaɓai, mutum ne fa kwance yana jira," na ce masa.

"Verlene, jirgin shaƙatawa ne wannan, ba motar asibiti ba. Ki kira shi a waya mana."

A waya! Na rantse saura kaɗan in kifa masa farantin miya a ƙirji.

Ranar Asabar muna shirin tashi Mama ta kira ni. Likita ya ce yau ko gobe. "Tun da aka daina busar nan yake tambayata ko jirgin nutsewa ya yi," in ji ta. Ban sauka ba. Na san abin da tsohon nan yake jira.

Biki aka ɗauko ranar. Da muka doshi kwanar, uban amarya ya miƙe da kofi a hannu zai yi jawabi. Na dire tire, na haye sama wurin matuƙi, Dewitt, wanda Baba ya koya wa kogin nan tun yana saurayi.

"Kawu Dewitt, ga kwanar nan."

"'Yar nan, ki rufa mini asiri. Ritaya ta kusa."

"Wa ya ɗora hannunka a sitiyarin nan? Kendrick? Haba Kawu, ko kunya ba ka ji?"

Ya ƙura wa ruwa ido. Ga gidanmu can, taga a buɗe. Raina ya ɓaci. Na ture shi, na cafki igiyar usur, na rataya a jikinta da dukkan nauyina. Ƙarar ta karaɗe kogin, na ji kofuna na tarwatsewa a ƙasa, ban saki ba.

Kendrick ya hawo yana haki. "Kin kori kanki!"

"Yallaɓai, ai sai ka kira ni a waya ka faɗa mini."

Muna tsayawa na sheƙa gida. Mama na zaune a bakin ƙofa, hannuwanta a cinya. Ganinta a waje kawai ya ishe ni bayani.

"Ya ji?"

"Ya ji. Ya buɗe ido ya ce, 'Wane sakarai ne wannan, kamar an taka wutsiyar kyanwa? Ba Dewitt ba ne.' Sai ya yi dariya. Ya ce, 'Verlene ce. Ki gaya mata a hankali ake sakin igiya.'"

Ta share ido da bakin riga. "Daga nan bai ƙara magana ba."